Yadda Ake Gane Kayan Da Dokar Amurka Ke Ɗauka Yasassu, Da Abin Da Za Ka Yi Da Su

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga 'yan uwanmu masu aiki a gareji, da masana'antu, da manyan sito a Amurka, har da ɗaliban ilimin muhalli: yaushe ne kayan da ke ajiye a wurin aiki suke tashi daga kaya su koma shara a idon hukuma? Amsar tana cikin dokar tarayya kan sarrafa shara ta 1976, da ake kira RCRA, wadda hukumar kare muhalli ta EPA ke aiwatarwa, da ƙa'idojin da ke kundi na 40 na dokokin tarayya, musamman sashe na 261.2. Abin da za ka riƙe tun farko shi ne, jami'in bincike ba ruwansa da sunan da ka laƙaba wa kayanka. Yadda kake tafiyar da su yake dubawa. Duron tinar fenti da ya yi shekara uku a bayan shago yana tsatsa, ko ka rantse cewa haja ce, yana iya rubuta shi a matsayin shara mai haɗari da aka ajiye ba lasisi.

Bi matakan nan a jere. Ba a tambayar ko abu yana da haɗari sai an fara tabbatar da cewa shara ne, domin a tsarin dokar duk shara mai haɗari reshe ce ta ajin da ake kira daskararriyar shara. Wannan aji kuwa ya haɗa da ruwa-ruwa, da taɓo, da iskar gas da ke cikin tukunya.

Abubuwan da za ka tanada

Takardar bayanin haɗari ta kowane sinadari, wadda ake kira SDS. Rasit na saye da na sayarwa. Sikeli. Alƙalami mai rubutu a jikin ƙarfe da takardun liƙawa. Kyamarar waya. Littafi ko fayil na kwamfuta da za ka riƙa shigar da kwanan wata. Safar hannu mai jure sinadari da tabarau na kare ido. Sai lambar ɗakin gwaje-gwaje da jiharka ta amince da shi.

1. Ƙirga kowane kaya shi kaɗai

Zaga wurin gaba ɗaya, har bayan gini da ƙarƙashin benci. Kowane duro, jarka, gwangwani ko tulin kaya, rubuta masa abu biyar: mene ne, daga wane aiki ya fito, an yi amfani da shi ko sabo ne, ranar da aka ajiye shi, da abin da ake nufin yi da shi. Ɗauki hoto.

Hattara: duron da ba shi da rubutu, kada ka buɗe shi kana shinshinawa, kada kuma ka juye shi cikin wani don rage cunkoso. Idan ya kumbura ko ka ga ƙanƙarar sinadari a bakin murfinsa, bar shi inda yake ka kira ƙwararru.

2. Duba ko doka ta riga ta cire shi

Sashe na 261.4 yana da jeri biyu. Na farko abubuwa ne da ba a ɗaukar su shara sam a wannan doka: ruwan bahaya da na gidaje da ke bin magudanar gari, ruwan masana'anta da ake saki bisa lasisin dokar tsabtar ruwa, ruwan da ya dawo daga noman rani, da ƙarafan da aka riga aka sarrafa don narkarwa. Na biyu shara ce, amma ba a lissafa ta cikin mai haɗari: sharar gidajen zama, ragowar amfanin gona da ake mayarwa ƙasa a matsayin taki, da sharar haƙar man fetur da iskar gas.

Hattara: rangwamen sharar gida na gidan zama ne. Fentin da ya rage daga aikin kwantiragi ko sinadarin da ka kwaso daga shago ba ya zama sharar gida don kawai ka kai shi gida.

3. Auna shi da hanyoyi huɗu na yasarwa

Nan ne zuciyar aikin. Ƙaramin sashe na b a 261.2 ya ce abu ya zama yasasshe ta ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu.

Ta farko, zubarwa. Ma'anar ta wuce kai kaya bola. Sashe na 260.10 ya haɗa da jibgewa, da malalewa, da yoyo, da tura abu cikin rijiya, da ajiye shi a kan ƙasa ko cikin ruwa ta yadda zai iya shiga muhalli. Ba a bukatar niyya. Duron da ke ɗiga a ƙasa ba wanda ya kula, zubarwa ake yi. Idan sabon sinadari ya zube ka kwashe shi nan take ka yi amfani da shi, yana nan a matsayin kaya. Idan ka bar shi ƙasa ta sha, ka yasar da shi, kuma ƙasar da ya jiƙa ita ma sai an tantance ta.

Ta biyu, ƙonawa, ko a fili ko a cikin injin ƙona shara.

Ta uku, tarawa, ko ajiyewa, ko yi wa abu wani aiki kafin a zubar da shi ko a ƙona shi, ko a madadin yin hakan. Wannan “a madadin” shi ne tarkon da ya fi kama mutane, kuma galibi masu gaskiya ne waɗanda kawai suka yi ta cewa sai wata mai zuwa. Dokar ba ta yanke adadin kwanakin da sabon kaya zai yi a sito kafin ya zama yasasshe ba. Alamu ake haɗawa. A 2013 EPA ta fitar wa jami'anta jerin tambayoyi kan sinadaran da ba a taɓa amfani da su ba, kuma ya kamata ka yi wa kanka irinsu kafin wani ya yi maka:

Mazubin yana da lafiya, ko ya yi tsatsa, ya lotse, yana yoyo? Akwai rubutu a jikinsa da ake iya karantawa? Yana cikin littafin hajarka, ko ba wanda ya san da shi? An ajiye shi yadda kamfanin da ya yi shi ya ce, ko yana waje rana da ruwan sama suna dukansa? Har yanzu kana yin aikin da ake amfani da shi? Yaushe rabon da a ɗiba? Akwai mai saye na haƙiƙa, da takarda a hannu?

Wucewar ranar ƙarewar aiki kaɗai ba ta mayar da sinadari shara, muddin yana da amfani kuma akwai shirin amfani da shi, ko kamfanin zai karɓe shi ya gyara. Amma gareji da ya daina fentin mota shekara biyu da suka wuce, ga gwangwanayen fenti sun daskare a lungu, ba shi da abin cewa. A ganina duk kayan da ka kasa amsa uku daga cikin tambayoyin nan a kansu, gara ka ɗauke su shara tun yau ka fara ƙirga kwanakin ajiya da ke mataki na 6 da kanka.

Akwai wata ƙa'ida da ake mantawa. Dattin da ke cikin tanki ko injin da ke aiki ba a fara lissafa shi sai an fito da shi. Amma idan aka dakatar da injin, abin da ya rage a ciki yana shiga ƙarƙashin doka bayan kwana 90. Masu rufe layin aiki su bar injin wanke sassan mota cike da sinadari, su lura da wannan.

Ta huɗu, sake sarrafawa ta bogi, wadda aka ƙara a 2015. Bayaninta na mataki na gaba.

Hattara: buɗe murfin duro don tina ta bi iska, ko surka shara da ruwa don ƙarfinta ya ragu, dukansu laifi ne. Ba ka rage shara ba, ka yi mata aiki ne ba lasisi.

Ga mazubin da aka juye, sashe na 261.7 ya ce ya zama fanko idan an zazzage duk abin da za a iya, kuma abin da ya rage a gindi bai wuce santimita 2.5 ba, ko kashi 3 cikin 100 na nauyin cikinsa ga mazubi mai galan 119 ko ƙasa. Wanda ya fi haka girma, kashi 0.3 ne. Idan guba mai tsanani ce ta jerin P, wanda bayaninsa ke mataki na 5, ta zauna a ciki, sai an ɗauraye sau uku, kuma ruwan ɗaurayar shi ma shara ce mai haɗari.

4. Idan ka ce sake sarrafa shi za a yi

Faɗin haka ba ya wanke ka. Ƙaramin sashe na f a 261.2 ya ɗora maka nauyin kawo hujja: ka nuna akwai kasuwa ko inda kayan za su tafi, da kwantiragi ko rasit, kuma mai sarrafawar yana da injin yin aikin.

Fara da sanin ajin kayan, domin hukunci ya bambanta. Abin da aka yi amfani da shi har ya gurɓace, kamar tinar da aka wanke bindigar fenti da ita, shara ne ko da za a tace shi a dawo da shi. Sabon sinadarin da bai cika inganci ba, idan aka mayar don a gyara, ba shara ba ne. Abin da za a zuba kai tsaye cikin wani aiki a matsayin mahaɗi, ko a yi amfani da shi a maimakon kayan kasuwa ba tare da an tace shi ba, shi ma ba shara ba ne. Ƙarafan da ba a sarrafa ba shara ne a rubuce, amma an ɗauke musu ƙa'idojin shara mai haɗari idan narkarwa za a kai su.

Hanyoyi biyu kuma suna mayar da abu shara ko da an kira su amfani: zuba shi a ƙasa, kamar yayyafa wa hanya don kwantar da ƙura, da ƙona shi don samun zafi. Banda kayan da asalin aikinsu ke nan, kamar maganin ƙwari a gona ko man da dama na ƙonawa ne.

Sai lissafin kashi 75. Kayan da ka tara da sunan za a sarrafa, dole cikin shekara guda, daga 1 ga Janairu, ka sarrafa ko ka tura wa mai sarrafawa aƙalla kashi 75 cikin 100 na abin da ke ajiye a ranar farko ta shekarar, da nauyi ko da yawan lita. Misali, ranar 1 ga Janairu kana da tan 20 na dattin masana'anta mai ɗauke da tagulla. Kafin ƙarshen Disamba sai tan 15 sun fita. Idan 12 suka fita, an ɗauke ka mai tara kaya bisa tsammani, kuma abin da ya rage ya zama shara. Kowane nau'i ana lissafa shi daban. Rubuta ranar fara tarawa a jikin mazubin, ko a littafi idan tuli ne.

Hattara: wanda bai auna kayansa a farkon Janairu ba, ba shi da lambar da zai kare kansa da ita a Disamba. Wannan awo na yini ɗaya ne, kada a yi wasa da shi.

Don bambance sarrafawa ta gaske da ta bogi, sashe na 260.43 ya kawo ma'auni huɗu. Kayan suna ƙara wani amfani na gaske a aikin? Abin da aka samar yana da daraja, akwai mai saye ko mai amfani da shi? Ana kula da kayan kamar dukiya? Sannan abin da aka samar, gubar da ke cikinsa ta yi daidai da ta irinsa da ke kasuwa? Ukun farko wajibi ne. Na huɗun, bayan hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ta Washington a 2017 da gyaran da EPA ta yi a 2018, ana bukatar a yi la'akari da shi. Mai cusa taɓo mai dalma cikin bulo alhali bulon ba ya bukatarsa, ya faɗi tun a tambayar farko.

5. Ta tabbata shara ce. Mai haɗari ce?

Sashe na 262.11 ya ce wanda ya samar da sharar shi zai tantance, a inda ta fito, kafin a gauraya ta da komai.

Fara da jerin sunaye. Jerin F na sharar da ke fitowa daga ayyuka iri-iri ne, kamar sinadaran wanki da aka gama amfani da su, F001 zuwa F005. Jerin K na takamaiman masana'antu ne, kamar matatar mai. P da U na sinadaran da ba a yi amfani da su ba ne aka yasar. Abu ɗaya yana iya samun lamba biyu: asiton da aka yi wanki da shi F003 ne, wanda ba a buɗe ba aka yasar U002 ne.

Sai halaye huɗu. D001, mai kama wuta: ruwan da tururinsa ke kamawa a ƙasa da digiri 60 na Salshiyas. D002, mai cin ƙarfe da fata: ma'aunin tsami, wato pH, 2 ko ƙasa, ko 12.5 ko sama. D003, mai fashewa ko mai fitar da iska mai guba idan ya haɗu da ruwa. D004 zuwa D043, mai guba, wanda ake ganewa da gwajin TCLP, mai auna yawan gubar da ruwa zai iya tsotsowa daga sharar. Iyakar dalma miligiram 5 ce a lita, kadmiyam 1, benzin 0.5, zaiba 0.2.

Doka ta yarda ka dogara da sanin da ka yi wa aikinka da takardar SDS maimakon gwaji, in dai sanin ya isa. Amma takardar SDS bayanin sabon kaya take yi. Ba ta san ƙarfen da sinadarin ya kwaso bayan an wanke inji da shi ba.

Ga dabarar rage kuɗi. Idan sharar busasshiya ce gaba ɗaya, nemi a auna jimillar ƙarfen da ke ciki, ka raba da 20. Dalma miligiram 80 a kilo ta ba da 4, ƙasa da iyaka, ba sai an yi TCLP ba. Daga 100 zuwa sama, sai an yi. Kada kuma ka biya kuɗin gwada sinadarai 40 gaba ɗaya alhali ƙarafa takwas ne kawai aikinka zai iya fitarwa.

Hattara: sharar da ke cikin jeri, idan ta haɗu da wadda ba ta da haɗari, galibi duka sun zama masu haɗari. Kofi ɗaya na sinadarin wanki a cikin duron baƙin mai yana iya ninka maka kuɗin kwashewa. Baƙin mai yana da nasa sashe mai sauƙi, na 279, amma idan sinadaran halojin da ke ciki, wato dangin kulorin, suka wuce kashi 1,000 cikin miliyan, ana ɗauka an gauraya shi har sai ka kawo hujjar akasin haka. Batura, da ƙwayayen fitila masu zaiba, da gwangwanayen feshi su ma suna da hanya mai sauƙi a sashe na 273, inda ake iya ajiye su har shekara guda.

6. Auna nauyi ka san ajinka

Ana lissafin shara mai haɗari da ka samar wata-wata. Kilo 100 ko ƙasa, wato kusan rabin duro mai galan 55, kai ƙaramin mai samarwa ne ƙwarai, kuma kada abin da ka tara ya wuce kilo 1,000. Sama da 100 amma ƙasa da 1,000, kai ƙarami ne: kwana 180 gare ka ka fitar da ita, ko 270 idan wurin kaiwa ya wuce mil 200, kuma ajiyarka kada ta haura kilo 6,000. Kilo 1,000 zuwa sama, ko fiye da kilo 1 na guba mai tsanani, kai babba ne, kwana 90 kacal.

A jikin kowane mazubi rubuta “Hazardous Waste” da haruffan Turanci kamar yadda doka ta ce, da irin haɗarin, da ranar fara tarawa. Murfi a rufe sai lokacin zubawa. Duba wurin ajiya kowane mako. A kusa da inda ake aikin an yarda ka tara har galan 55 ba tare da agogo ya fara ba, amma da ya wuce, kwana uku gare ka ka kai rarar zuwa babban wurin ajiya.

Hattara: share tsohon sito a rana ɗaya yana iya cilla ka daga ƙaramin aji zuwa babba a wannan watan. Gyaran ƙa'idoji na 2016 ya buɗe ƙofa: sau ɗaya a shekara, ka sanar da hukuma kwana 30 kafin aikin, ko cikin awa 72 idan tsautsayi ne, ka fitar da komai cikin kwana 60, ajinka yana nan yadda yake. Tabbatar jiharka ta karɓi wannan gyara kafin ka dogara da shi.

7. Fitar da ita

Ƙarami, wato wanda ya haura kilo 100, da babba suna bukatar lambar EPA, ta fom 8700-12. Sharar tana tafiya da takardar rakiya, fom 8700-22, a motar mai jigila mai lamba, zuwa wurin da ke da lasisin karɓa. Ajiye kwafi da sakamakon gwaji aƙalla shekara uku.

Kuɗin ya kasu kashi huɗu: gwaji, sabon mazubi idan tsohon ya lalace, jigila, da kuɗin karɓa a kan kowane duro. Duron da ba a san abin da ke ciki ba shi ya fi tsada, domin sai an gwada shi daga tushe. Nemi farashi daga kamfani biyu ko uku, kuma ka duba lasisinsu da idonka, domin alhakin sharar bai bar wuyanka ba don mota ta ɗauke ta. Tarar hukuma ana lissafa ta ne a kowace rana, kuma tana kai dubun-dubatar daloli. Wanda ya ajiye ko ya zubar ba lasisi yana sane, hukuncinsa yana kai dala 50,000 a rana da ɗaurin shekara biyar.

8. Duba dokar jiharka, da ta ƙasar da za ka tura kaya

Kusan duk jihohi suna gudanar da nasu tsarin bisa izinin EPA. Jiha tana iya tsanantawa fiye da tarayya. A Kalifoniya, alal misali, baƙin mai shara ce mai haɗari. Kira ofishin muhalli na jiharka da lambar sharar a hannu.

Masu loda kwantena zuwa Legas ko Kwatano, wannan ya shafe ku kai tsaye. Talabijin ko kwamfuta mai aiki da aka tura don a ci gaba da amfani da ita kaya ce. Matacciya da aka cusa don cike gurbi tana iya zama yasasshiya tun kafin ta bar tashar ruwa. Mai fitar da tsofaffin talabijin masu ƙeya don a sake amfani da su sai ya sanar da EPA, ya kuma ajiye takardun ciniki na shekara uku. Fitar da shara mai haɗari kuwa yana bukatar sanarwa da amincewar ƙasar da za ta karɓa a rubuce. Amurka ba ta tabbatar da yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe ba, Najeriya kuwa tana ciki, kuma tun bayan sharar gubar da aka jibge a garin Koko a 1988 dokar Najeriya ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai cutarwa. Gwada kowace na'ura kafin lodi, liƙa mata takarda mai ranar gwaji da sakamako, naɗe ta yadda ba za ta fashe a hanya ba, sannan ka ajiye kwafin jerin kayan tare da takardun jirgi.